Yaran Chaina masu farar takarda: ni dai ban yarda matsorata ba ne

Kwanaki muna zaune a majalisa bayan isha'i wani abokina yana ta latse-latsen waya, sai ya miƙo min yace kalli wani ikon Allah. Hoto ne na wasu matasa 'yan Chaina a gaban ofishin jakadancin ƙasarsu a Landan, cikin sanyi, kowa ya saka takunkumi ya ja hula har gira, wasu har da baƙin tabarau da daddare, sun ɗaga farar takarda wadda babu ko ɗigon rubutu a jikinta. Yace wai wannan ce zanga-zanga? Kana Ingila, ƙasar da za ka zagi firaminista ka koma ɗakinka ka yi barci, amma ka rufe fuska, kuma ko abinda kake so ka kasa rubutawa? Yace ai mu nan gaba da gaba muke yi, a rediyo ma mutum zai bugo waya ya faɗi sunansa da unguwarsu ya wanke gwamna tas. Aka yi ta musu har aka tashi, amma maganar ta tsaya min a rai, don wallahi ina ganin an zalunci yaran nan da wannan hukuncin, kuma ba abokina kaɗai ke yi musu shi ba.

Da yawanmu labarin Chaina da muke ji bai wuce na jirgin ƙasa da bashi da kayan Kantin Kwari ba, to bari in faɗi inda hoton ya samo asali. Mu nan dokar kullen korona ta ɗan lokaci aka yi mana a 2020 muka ji kaman za mu mutu, su can kusan shekara uku aka kwashe ana abu ɗaya, gwaji kusan kullum, mutum ɗaya ya kamu a rufe unguwa gaba ɗaya, wani wurin har da shinge a bakin ƙofa. Shanghai mai mutum kusan miliyan 25 wata biyu cur aka kulle ta a 2022, mutane suna ihun yunwa ta taga. A watan Satumba na shekarar wata bas da ta kwaso mutane cikin dare za a kai su wurin killacewa ta kife a lardin Guizhou, mutum 27 suka mutu. Sai kuma ranar 24 ga Nuwamba gobara ta tashi a wani dogon bene a Urumqi, babban birnin Xinjiang, garin da ya fi kwana ɗari a kulle. Gwamnati tace mutum 10 ne suka rasu, tace kuma kulle bai hana kowa fita ba, jama'a dai basu yarda ba, don kowa ya ga hoton motar kashe gobara tana fesa ruwa daga nesa ruwan bai ko isa wutar ba, kuma kowa ya san ƙofar gidansa ma haka take.

Kwana biyu bayan nan aka fito a Shanghai, a wani titi da sunansa ma titin Urumqi, daga nan Beijing, Chengdu, Wuhan, jami'o'i birjik. Kuma suka ɗaga farar takarda. Ma'anarta a fili take ga duk wanda ya taso a can: duk abinda na rubuta goge shi za ku yi ko ku kama ni a kansa, to ga shi ban rubuta komai ba, amma ni na san abinda nake nufi, ku ma kun sani. Hannunka mai sanda kenan. Cikin 'yan kwanaki ɗaliban da ke waje suka ɗauka, Landan, Paris, Tokyo, Sidni, Toronto, jami'ar Columbia a New York, suna kunna kyandir suna ajiye furanni. Dama tun wata guda kafin nan suka fara motsi, lokacin da wani mutum shi kaɗai, Peng Lifa, ya hau gadar Sitong a Beijing ranar 13 ga Oktoba, ana saura kwana uku babban taron jam'iyyar kwaminis, ya rataya ƙyallaye yana cewa abinci muke so ba gwaji ba, 'yanci muke so ba kulle ba, ƙuri'a muke so ba shugaban da aka ɗora mana ba. Nan take aka tafi dashi, aka goge hotunan daga intanet ɗin ƙasar, amma cikin sati ɗaya kalamansa sun bayyana a allunan sanarwa na ɗaruruwan jami'o'i a duniya, yara ne ke bugawa a firinta su fita cikin dare su manna su gudu.

Toh me ya sa suke rufe fuskar? Ga amsar da ya kamata in ba abokina tun a daren: ba kansu suke ji wa ba. Ɗalibin yana Landan, amma uwarsa da ubansa suna can, aikin ubansa yana can, fanshon kakarsa yana can, gidan da aka jinginar ko aka sayar don a biya masa kuɗin makaranta yana can. 'Yan sanda basa buƙatar su zo Ingila, ƙofar gidansu kawai za su ƙwanƙwasa, ko su kira uban a waya su ce ya zo a sha shayi, haka suke kiran wannan gayyatar a can, shan shayi, kuma kowa ya san ba shayin ba ne. Sai uban ya fito jiki na rawa ya kira ɗansa ta WeChat, manhajar da su biyun sun san ana karanta duk abinda ya bi ta cikinta, yace ɗana me ka yi, ka rufa mana asiri. Ka tuna kuma yawancin yaran nan an haife su ne a zamanin dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda aka yi ta aiki da ita daga wajen 1980 har 2015. Babu wa, babu ƙani, babu yaya da za ta riƙe tsofaffin in kai an hana ka dawowa. Mu da muke da 'yan'uwa goma a gida ɗaya sai mun tsaya mun yi tunani kafin mu gane nauyin wannan, mutum ya san in ya buɗe baki yau watakila shikenan, ba zai ga jana'izar mahaifiyarsa ba, kuma babu wani ɗa da zai tsaya a madadinsa.

Wannan fa ba zato nake ba. A watan Mayun 2024 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto bayan ta zanta da ɗalibai 32 a ƙasashe takwas na Turai da Arewacin Amurka, 12 daga cikinsu 'yan Hong Kong, kusan kashi ɗaya cikin uku suka ce hukuma ta taɓa iyalansu a gida saboda abinda su suka yi a waje. Akwai wata a ciki da ta je taron tunawa da kisan Tiananmen, wato kisan da soja suka yi wa masu zanga-zanga a Beijing ranar 4 ga Yunin 1989, bata faɗa wa kowa sunanta ba, bata saka komai a intanet ba, cikin 'yan sa'o'i mahaifinta ya kira ta yace jami'an tsaro sun neme shi sun ce ya ja wa 'yarsa kunne. Ka duba wannan saurin. Wata ɗaliba 'yar Hong Kong da ke karatu a Japan ta koma gida a 2023 don kawai ta sabunta katin shaidarta, aka kama ta, aka yanke mata wata biyu a gidan yari saboda rubuce-rubucen da yawancinsu tana Japan ta yi su. Ita kuwa Kamile Wayit, yarinya 'yar ƙabilar Uyghur, musulman yankin Xinjiang, mai shekara 19 da ke karatu a cikin ƙasar, bidiyon zanga-zangar farar takardar kawai ta saka, shekara uku aka ɗaure ta.

Abinda ya fi ci min rai ma shi ne wani lokacin mai kai rahotonka ɗan ajinku ne. A Boston, wata yarinya ta manna takarda kusa da kwalejin koyon kiɗa ta Berklee a Oktoban 2022, an rubuta muna son 'yanci, muna son dimokuraɗiyya. Wani ɗalibi ɗan ƙasarsu ya aika mata saƙo cewa in ta ƙara mannawa sai ya sare mata hannu, yace kuma ya riga ya kai ƙararta wajen hukumar tsaro a gida, za su je su gaishe da iyalanta. Shi dai wannan an gurfanar dashi, kotun Amurka ta same shi da laifi ta yanke masa wata tara a 2024. Amma nawa ne irinsa da ba a taɓa kamawa ba? Shi ya sa za ka ga yaran nan ko a junansu basa faɗin sunan gaskiya, a Telegram suke shirya taro da sunan aro, babu shugaba, babu sakatare, babu rajistar mambobi, a haɗu a yi a watse. Mu da muka saba ƙungiya sai da ciyaman da ma'aji da kalanda mai hotuna sai mu ga kaman ba da gaske suke ba. Ni kuwa ina ganin hankali ne, duk ƙungiyar da ke da kai ana iya sare kan, wadda ke da takardar sunaye ana iya sace takardar.

Kuma aikin da suka yi ba ƙarami ba ne. Akwai wani mai zane, Li Ying, da ya je Italiya karatu, ana kiransa Malam Li a Twitter. A kwanakin zanga-zangar mutanen cikin Chaina suka riƙa tsallake katangar intanet da VPN suna tura masa bidiyo kafin a goge, shi kuma yana ta sakawa dare da rana, har ya zama wanda ke Shanghai in yana son sanin abinda ke faruwa a Beijing sai ya leƙa shafin wani saurayi da ke zaune a ɗakin haya a Italiya. 'Yan sanda suka yi ta sintiri gidan iyayensa, aka rufe asusunsa na banki a gida, aikinsa ma ya rasa. A farkon 2024 da kansa ya fito ya roƙi masu bibiyarsa, sun haura miliyan ɗaya da rabi a lokacin, cewa duk wanda ke jin tsoro ya sauka daga shafin don ana bin sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne babban amfanin na waje a ganina, su ne ma'ajiya. Abinda aka goge a gida yana wajensu. Da yawansu ma sai da suka fita suka fara ganin hoton tankokin 4 ga Yunin 1989, don a can ranar ko ambatonta ba a yi, har mutane suka ƙirƙiro cewa 35 ga Mayu don su kauce wa masu tace rubutu. Ka yi tunanin yaro ɗan shekara ashirin yana zaune a laburaren jami'a ya gano an ɓoye masa abu irin wannan duk rayuwarsa, kuma ba shi da wanda zai faɗa wa.

Ranar 7 ga Disamban 2022 gwamnati ta sassauta yawancin dokokin kullen. Ba zan ce farar takarda kaɗai ta jawo ba, tattalin arziki ya jigata, cutar ma ta riga ta fi ƙarfin shingen. Amma kwana goma tsakani, kowa ya yi lissafinsa.

Wani abu kuma, gwamnatin Chaina tafi kowa sanin haɗarin ɗalibin da ke waje, don ita kanta daga nan ta fito. Ƙungiyar da jagoran juyin juya hali Sun Yat-sen ya kafa wadda ta taimaka aka kawo ƙarshen sarautar gargajiya a 1911, a Tokyo aka kafa ta a 1905, kuma ɗalibai ne suka cika ta. Zhou Enlai, firaministan farko na gwamnatin kwaminis, a Faransa ya goge a siyasa. Deng Xiaoping, wanda daga baya ya zama jagoran ƙasar, yana ɗan shekara 16 ya sauka Faransa a 1920, ya yi leburanci a masana'antar roba da ta motocin Renault, da daddare yana buga mujallar 'yan gwagwarmaya da injin gurza takarda. Wato abinda yaran yau ke yi da firinta shi ya yi da hannunsa. Shi ne kuma ya buɗe ƙofar tura ɗalibai waje da yawa a 1978, shi ne dai ya amince aka tura soja kan ɗalibai a 1989. Wanda ya hau ta wannan tsanin ba zai yi sake wani ya taka shi ba.

'Yan 1989 ɗin da fuska a buɗe suka yi nasu, gaskiya ne, suka cika titunan Washington, suka kafa ƙungiya mai shugabanni. Amma lokacin babu waya mai kyamara a hannun kowa, babu na'urar da ke gane fuska, kuma ƙasashen da suke ciki sun tsaya musu. Firaministan Ostireliya Bob Hawke har kuka ya yi a bainar jama'a, aka bar dubban 'yan Chaina suka zauna, Amurka kuma ta yi doka a 1992 wadda sama da mutum 50,000 suka samu takardar zama dindindin ta dalilinta. Na yau fa? Bizarsa ta ɗan lokaci ce, fasfonsa in ya ƙare ofishin jakadancin da ya tsaya a gabansa da farar takarda nan zai koma ya sabunta. Kuma ya ga abinda ya faru a Manchester a Oktoban 2022, inda aka ja wani ɗan Hong Kong mai zanga-zanga cikin harabar ƙaramin ofishin jakadancin aka lakaɗa masa duka a gaban kyamara, ƙarshenta jami'an suka tattara suka koma gida babu wanda ya tsaya gaban alƙali.

Na san abinda wasu za su ce, don an faɗa min. Za a ce ai 'yan tsiraru ne, yawancin ɗaliban Chaina karatunsu kawai suke, wasu ma gwamnatinsu suke kare wa. Haka ne. A Amurka kaɗai sun kai wajen 370,000 kafin korona, waɗanda suka fito ko kusa basu kai kashi ɗaya cikin goma ba. Akwai masu kishin ƙasarsu tsakani da Allah, sun ga kakanninsu cikin yunwa sun ga iyayensu da mota da gida, ba zan ce musu munafukai ba. A 2017 da wata ɗaliba ta yabi iskar Amurka da 'yancin magana a jawabin yaye ɗalibai na jami'ar Maryland, 'yan'uwanta ɗalibai suna cikin waɗanda suka yi mata ca har sai da ta nemi afuwa. Amma shirun mutumin da aka riƙe masa uwa ba a ƙirga shi a matsayin amincewa. Ni bana zargin wanda ya yi shiru, ko kaɗan, ban san ko ni zan iya ba in aka ɗora min wannan zaɓin. Abinda nake cewa kawai, wanda ya san duk wannan kuma ya fito, ko da ya naɗe fuskarsa da bargo ne, ya fi ƙarfin a ce masa matsoraci.

Za a kuma ce Turawa ne ke zuga su. Wannan ma hukuma ta faɗa a lokacin, masu zanga-zanga a Beijing suka mayar da martani cewa wane baƙi, Marx da Engels kuke nufi? Mu da ko intanet ɗin waje bama iya shiga? Kuma in Turawan ne iyayen gidansu ai da sun riƙe su da kyau. Jami'o'in Ingila da Ostireliya da Amurka kuɗin makarantar yaran nan suke ci, ninkin abinda ɗan ƙasa ke biya, amma yaro ya je yace ana bibiyata sai a rasa ofishin da zai saurare shi, don ana tsoron ɓata wa Beijing rai kasuwa ta tsaya. Ita gwamnatin Amurka kallon 'yan leƙen asiri take musu, daga 2018 zuwa 2022 ta yi wani shiri na farautar masana masu alaƙa da Chaina wanda ya ɓata wa marasa laifi suna, a Mayun 2025 kuma sakataren harkokin wajenta ya fito yace za su soke bizar ɗaliban Chaina ba sani ba sabo. Mun kuma ga yadda aka yi wa ɗaliban da suka yi magana kan Gaza, har da 'yar Turkiyyar nan ta jami'ar Tufts da jami'ai masu rufaffiyar fuska suka ɗauke a kan titi saboda rubutun da ta sa hannu a jaridar makaranta. Ni ban ɗauki Amurka waliyyiya ba. Amma munafuncin Amurka bai wanke ɗan sandan da ya je ya tsorata tsohuwa saboda abinda ɗanta ya yi a wata nahiya ba. Mu da aka koya mana tun muna makarantar allo cewa babu mai ɗaukar laifin wani, bai kamata sai an yi mana dogon bayani a nan ba.

Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye, wanda in na tuna sai in ji kunya. A watan Yulin 2017 'yan sandan Masar suka bi gidajen cin abinci da ɗakunan kwana a Alƙahira suna kamen 'yan Uyghur, da yawansu ɗaliban Azhar ne, wasu aka mayar dasu Chaina. Kafin nan ma hukumomin Xinjiang sun riga sun aika wa ɗaliban cewa su dawo gida, kuma ta hannun iyayensu aka bi, ana tsare iyaye har sai ɗa ya dawo. Azhar fa, inda ƙannenmu da 'ya'yanmu ke karatu, watakila aji ɗaya suke zama da su, sahu ɗaya suke sallah. Waɗannan ko farar takarda basu ɗaga ba, karatun addini kawai suka je. A 2019 da wasu ƙasashe suka rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya wasiƙar yabon abinda Chaina ke yi a Xinjiang, Najeriya tana cikin waɗanda suka sa hannu, haka Saudiyya da Masar da Pakistan. Gobarar Urumqi ɗin nan ma 'yan Uyghur ne ta cinye, kuma yaran 'yan ƙabilar Han, masu rinjaye a ƙasar, su ne suka fito cikin sanyi suna kunna musu kyandir, wasunsu a karon farko a rayuwarsu suka tsaya suka saurari ɗan Uyghur yana ba da labarin ɗan'uwansa da ya ɓace a sansanin tsare mutane na gwamnati. Mu da muke kiransu 'yan'uwa a addini me muka kunna?

Yanzu taron ya ragu, duk Nuwamba dai ana ɗan haɗuwa, mutum talatin, hamsin. Wasu sun koma karatun littattafai a ɗakunan juna, wani kantin littattafai da aka tilasta wa rufewa a Shanghai a 2018 ya sake buɗewa a Washington a 2024 yana cika da matasa masu zuwa sauraron lacca. Wasu kuma sun gwada komawa gida. Zhang Yadi, 'yar shekara 22 da ta yi karatu a Faransa tana rubutu kan haƙƙin mutanen Tibet, ta je ganin iyayenta a hutun 2025, aka kama ta a ƙarshen Yuli bisa zargin ingiza ballewa daga ƙasa. A watan Satumba ya kamata ta fara digiri na biyu a Landan, har ta samu tallafin karatu, aka buɗe makaranta babu ita.